Ni A ne, matata B, ɗiyarmu ta fito AB, yaron kuma O, ya aka yi haka?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin jini ku taimaka min. Satin da ya wuce Ummi ta yi zazzaɓi mai zafi har aka ce sai an ƙara mata jini, da aka gwada rukunin jininta sai ta fito AB. Ni A ne mamanta B ce, wannan na sani tun gwajin kafin aure. Tunda muna wurin na ce a gwada ƙaninta shi ma, sai ya fito O. Wlh ni ban zargi matata ba ko kaɗan, amma gwaggona da ta ji sai ta fara 'yan maganganu wai ya za a yi yaro ya zo da jinin da ba na uwa ba na uba ba, tun ranar maman Ummi ko abinci ba ta iya ci. Ina son bayanin da zan kai wa gwaggo ta gane.

Mai Lab:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Ummi lafiya. Baban Ummi kwantar da hankalinka, aikina ke nan kullum, kuma A da B su ne haɗin da zai iya haifar da duk rukuni huɗun a gida ɗaya. Kowa yana ɗauke da ƙwayar gadon rukunin jini guda biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, suna kan kromosom na 9, ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da gado a jikinmu. A da B kowanne yana sa tasa alamar a jikin jan ƙwayar jini, shi kuwa O ba ya sa komai shi ya sa yake ɓuya. Wato kai AO ne, matarka BO ce, ba ku sani ba kawai. Yaron ya ɗauko O wurinka O wurin mamansa. Ummi kuma ta ɗauko A naka da B na mamanta, kuma ba wanda ya danne wani, duk biyun sun bayyana, wannan shi ake cewa kodominans.

Da idonka za ka gani in ka zo lab. Muna ɗiga jini a kan gilashi, gefe ɗaya mu sa shuɗin ruwan gwajin A, ɗayan mu sa mai ruwan ɗorawa na B. Jinin Ummi zai dunƙule a duka biyun, na yaron ko ɗaya ba zai dunƙule ba.

Ɗalibi_BUK:
Ƙari a kan na Yaya Mai Lab, da yawa suna ɗauka AB gauraye ne kamar a haɗa jan fenti da fari ya zama wani launi na tsakiya, ba haka ba ne, wancan wani babi ne daban. AB kamar saƙi yake, baƙin zare da farin zare kowanne kana ganinsa a yadda yake. Karl Landsteiner ne ya gano A, B da O a Viyana a 1901, shi AB sai a 1902 abokan aikinsa suka gano.

Maman Sadiq:
Ni dai abin da nake so in ƙara, dan Allah a daina haɗa rukunin jini da jinotayif, abu biyu ne. Ni da maigida duk AS ne, lokacin aurenmu ba a damu da gwaji ba, Sadiq ya zo SS. Likita ta nuna min takardar gwajina, layi biyu ne A da S, ta ce jikina duka biyun yake yi shi ya sa ba na ciwo amma ina iya bayarwa, shi ma dai irin wannan kodominans ɗin ne. Abin da ya fi yi min ciwo mutane na cewa ai ɗaya cikin huɗu ne ke zuwa SS, in kun samu ɗaya shi ke nan, wlh ba haka ba ne, kowane ciki lissafinsa daban, ana iya samun SS biyu a jere. Daren da ciwon ƙashi ya tashi ina dumama masa ruwa ina gasa masa ƙafa yana kuka har asuba ni kaɗai na san me nake ji. Gara da Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024. Kuma ban da A da S akwai C a jinotayif, a duba shi ma, SC shi ma sikila ne.

Abu Hafsat:
Baban Ummi ka tuna wa gwaggo hadisin nan na Bukhari da Muslim, mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) ya ce matarsa ta haifi baƙin yaro, aka tambaye shi launin raƙumansa ya ce jajaye, aka ce akwai mai toka-toka a ciki, ya ce akwai, wataƙila gado ne ya jawo, aka ce masa to ɗanka ma wataƙila haka ne. Ka yi mata cikin ladabi amma kar ka bari a ci gaba, mutuncin matarka ne.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Jiya na zana AO da BO a takarda na zauna da gwaggo, ta yi shiru, da safe ta aiko wa maman Ummi da kunu. An sallamo Ummi. Maman Sadiq Allah ya ba Sadiq lafiya, matata AS ce ni AA, gobe in sha Allah zan kai yaran a duba nasu.