Daga ina Orkawa suka samo asali, kuma da mugunta aka halicce su?

Mai Nazari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kammala karanta littafin The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne halittun nan da ake kira Orc, waɗanda zan kira Orkawa. Shin Tolkien ne ya ƙirƙiro su, ko kuwa gadonsu ya yi daga tsofaffin labarai? Sannan a cikin duniyar littafin, da mugunta aka halicce su, ko lalata su aka yi daga baya?

Malamar Harshe:
Wa alaikumus salam. Kalmar ta girmi Tolkien nesa ba kusa ba. A waƙar Beowulf ta tsohon Ingilishi, a layi na 112, an ambaci "orcneas" cikin miyagun halittun da aka ce zuriyar Ƙabila ne, wanda ya kashe ɗan'uwansa. Tolkien farfesan wannan tsohon harshe ne a Jami'ar Oxford daga 1925 zuwa 1945, kuma shi da kansa ya ce daga nan ya ɗauko sunan. Masana da dama suna danganta kalmar da Orcus, abin bautar Rumawa mai kula da duniyar matattu, ko da yake Tolkien ya nuna shakku a kan haka. Sunan ne kawai tsoho. Siffarsu ta rundunar mayaƙa masu shugabanni da harshe aikinsa ce, kuma a The Hobbit na 1937 ma "goblin" ya fi kiransu.

Tsohon Makaranci:
Malam, tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, domin har Tolkien ya rasu a 1973 bai tsayar da amsa ɗaya ba. A rubuce-rubucensa na farko, Melkor, babban mugu na farko a duniyar littafin, shi ne ya ƙera su daga dutse da taɓon ƙarƙashin ƙasa. Daga baya ya ƙi wannan, saboda ya yi imani cewa mugunta ba ta iya halitta, iyakarta ta ɓata abin da aka riga aka halitta. Shi ya sa a The Silmarillion, wanda ɗansa Christopher ya fitar a 1977, aka ce Elfawa ne (Elves, kyawawan halittu masu kama da mutane waɗanda ba sa mutuwar tsufa) da aka kama aka azabtar har suka rikiɗe. Wannan ma bai kwantar masa da hankali ba, don a takardun da aka buga cikin littafin Morgoth's Ring a 1993 ya yi ta juya maganar, ko daga mutane suka fito, ko kuwa dabbobi ne da aka koya wa magana.

Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne hirar Shagrat da Gorbag, wasu kwamandojin Orkawa biyu a The Lord of the Rings, inda suke ƙorafi a kan manyansu, suna burin su ware su yi zaman kansu ba mai ba su umarni. Duk wanda ke da buri irin wannan yana da hankali da zaɓi, kuma in haka ne, kashe shi ba tare da tausayi ba ya zama abin tambaya. A wata wasiƙa ta 1954 Tolkien ya ƙi amincewa a ce sun wuce gyara gaba ɗaya, amma bai nuna mana ko ɗaya da ya tuba ba, kuma ina ganin wannan giɓi ne na gaske a littafin.

Mai Nazari:
Na gode ƙwarai, Malam. To koren fatar da muke gani a hotuna fa?

Malamar Harshe:
Wannan ba ta Tolkien ba ce. Wasanni ne suka yaɗa ta, musamman Warhammer na 1983 da Warcraft na 1994, kuma jerin Warcraft ɗin ne daga baya ya ba Orkawa al'ada da jarumai masu mutunci, har mai wasa ya iya tsayawa a ɓangarensu.