Wai dokokin kare baƙi daga gwamnatocin ƙasashensu suna aiki kuwa ko surutu ne?

Sadiq_Ingila:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu bin labaran ƙasashen waje ku taimaka min. Akwai wani ɗan Hong Kong da muke aji ɗaya, yaron kirki wlh, amma ko zanga-zangar 'yan garinsu za shi sai ya rufe fuska, kuma baya yarda a saka hotonsa a guruf ɗin WhatsApp na aji. Ya ce shi ba 'yan sandan nan yake tsoro ba, na gida yake tsoro, wai ana ɗaukan hotuna ana turawa can kuma iyayensa suna can. Na ji a labarai Birtaniya da Kanada da Amurka duk sun tashi tsaye kan irin wannan. To da gaske ana kama wani kuwa ko dai a majalisa maganar take ƙarewa? Kuma in gwamnatin ƙasarku ce ke bibiyarka a ƙasar wasu, wa za ka kai wa ƙara?

Malam Bala Mai Rediyo:
Wa'alaikumus salam ƙanina. Ana kamawa kam, sai dai ka duba su wa ake kamawa. A 2022 wata ƙungiya mai suna Safeguard Defenders ta fitar da rahoto cewa 'yan sandan Chaina suna da wasu ofisoshi sama da 100 a ƙasashe fiye da 50, Chaina ta ce ai wuraren sabunta lasin tuƙi ne da cike takardu na 'yan sa kai, ƙungiyar ta ce a'a har da matsa wa mutane su koma gida ake yi a ciki. Ailan da Holan suka ce a rufe na ƙasashensu tun a shekarar. Amurka kuma a Afrilun 2023 FBI ta kama mutum biyu kan wani ofishi a unguwar 'yan Chaina da ke New York, ɗayansu ya amsa laifi a ƙarshen 2024.

Amma dubi abin da ya faru nan kusa da ku a Manchesta a Oktoban 2022, an ja wani mai zanga-zanga ɗan Hong Kong cikin harabar ƙaramin ofishin jakadancin Chaina aka lakaɗa masa duka, ga bidiyo kowa ya gani, sai da ɗan sanda ya janyo shi waje. 'Yan sanda suka ce suna son yi wa jami'ai shida tambayoyi a cire musu rigar kariya, kafin wa'adi ya cika Chaina ta kwashe su gida har da shugaban ofishin, shikenan magana ta mutu. Wato an bar jaki ana dukan taiki, ɗan aike ke shiga kurkuku mai aiken yana gida yana shan shayi.

Dokar da ka ji ita ce dokar tsaron ƙasa ta Birtaniya ta 2023, ita ta mai da yi wa wata ƙasa aikin tsoratar da mutane laifi mai zaman kansa, da can sai dai a nemo wani laifin a maƙala maka. Sannan daga 1 ga Yulin 2025 duk mai yi wa wata gwamnati aikin tasirin siyasa sai ya yi rajista, kuma aka saka Iran da Rasha a mataki mai tsauri. Ba a saka Chaina a matakin nan ba lokacin da aka fara, kai ma ka san dalili, kasuwa.

Alhaji Dattijo KD:
Yarana ku kuna maganar Chaina da Iran kamar abin baƙo ne, mu mun ga namu tun ba a haifi wasunku ba. Yulin 1984 aka sace Umaru Dikko, ministan sufurin Shagari, a ƙofar gidansa a Landan lokacin mulkin soja na Buhari. Allura aka yi masa ya fita hayyacinsa aka saka shi a akwatin katako tare da wani likita ɗan Isra'ila da zai kula da numfashinsa, aka kai filin jirgin Stansted inda jirgin Nigeria Airways ke jira. Abin da ya cece shi bayan ikon Allah abu biyu ne, sakatariyarsa ta ga lokacin da aka ɗauke shi ta kira 'yan sanda, kuma akwatin ba a yi masa cikakkiyar alamar kayan jakadanci ba, sai kwastan suka samu damar buɗewa. Da an buga hatimin daidai da ba wanda ya isa ya taɓa.

Mutum huɗu aka ɗaure, 'yan Isra'ila uku da ɗan Najeriya ɗaya, shekara 10 zuwa 14. Gwamnati ta ce ba ruwanta, aka kori jami'an juna, Legas ta tsare jirgin British Caledonian don ramuwa, dangantaka ta yi tsami kusan shekara biyu. Ni ba ina wanke Dikko ba ne, zargin da aka yi masa kan shinkafa kowa ya sani, amma hanyar neman mai laifi kotu ce ba akwati ba.

Maman Hanan (Kanada):
Baba Allah ya ƙara lafiya, wlh ban taɓa jin zancen likitan cikin akwatin ba sai yau.

Sadiq ni inaga abokinka ya fi mu fahimtar abin. Nan Kanada an harbe Hardeep Singh Nijjar, wani jagoran 'yan Sikh, a wajen wurin ibadarsu a Surrey cikin Yunin 2023, firaministan lokacin Trudeau ya tashi a majalisa ya nuna Indiya da yatsa, Indiya ta musanta, a Oktoban 2024 aka kori jami'an jakadancin Indiya shida su ma suka kori shida. An yi sabuwar doka a 2024, an kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Hogue, an yi ta zaman sauraro. Sai gashi Yunin 2025 sabon firaminista Carney ya gayyaci Modi na Indiya taron G7 suka shirya mayar da jakadu. Ban ce kada a shirya ba amma ka sa kanka a matsayin iyalin mamacin.

Kuma duk wannan na masu bindiga ne, wanda ake gani. Wanda ya fi yawa baya barin shaida, waya ce kawai za a kira ka daga gida, mahaifiyarka tana kuka ta ce wasu sun zo sun gaishe ta sun tambayi lafiyarka, ka daina rubuce-rubuce. Wane ɗan sandan Toronto ne zai hana wannan? Da Hong Kong ta saka ladan dalarta miliyan ɗaya kan mutum takwas a Yulin 2023 har da ɗan fafutukar dimokuraɗiyya Nathan Law da ke Ingila, ba a daɗe ba 'yan sanda suka ɗauki iyayensa da ɗan uwansa suka yi musu tambayoyi. Shi yana da mafaka, su fa? 'Yan Iritiriya ma haka, harajin kashi 2 cikin 100 ake karɓa a wajensu, in baka biya ba ba fasfo ba takardar gado ba komai, Kanada ta kori ƙaramin jakadansu a 2013 kan haka, Holan ma ta kori babban jami'insu a 2018, harajin yana nan.

Duk da haka ka ce masa kada ya yi shiru. A Ingila 999 in abin gaggawa ne, 101 in ba na gaggawa ba, ya ajiye hoton duk saƙon barazana da lambar da ta kira da rana, kuma ya faɗa musu ƙarara cewa yana zargin wata gwamnati ce, in ba haka ba sai su rubuta shi a matsayin rigimar ɗalibai. Kada ya shiga ofishin jakadanci shi kaɗai ba wanda ya sani, kuma ya riƙa duba inda jirgi zai yada zango. Paul Rusesabagina, mai sukar gwamnatin Ruwanda, a 2020 daga Dubai ya hau jirgi yana zaton Burundi za shi ya tsinci kansa a Kigali.

Abba_Gaskiya:
Hhhh ni duk dariya nake. Jamal Khashoggi, ɗan jaridar Saudiyya, takardar aure ya je karɓa a ofishin Saudiyya na Istanbul 2 ga Oktoban 2018 bai fito ba. Amurka ta hana 'yan Saudiyya 76 biza a 2021, shekara na zagayowa Biden ya je Jidda suka haɗa dunƙulen hannu da yarima Muhammad bin Salman, Turkiyya ma ta miƙa shari'ar ga Saudiyya a 2022. Kuma su masu yin dokokin hannunsu tsaf yake? CIA ta sace limamin nan ɗan Masar Abu Omar a titin Milan a 2003, kotun Italiya ta sami Amurkawa 23 da laifi a 2009 a bayan idonsu, ba wanda ya zauna gidan yarin Italiya a cikinsu.

Malam Bala Mai Rediyo:
Abba maganarka gaskiya ce amma kada ka tattara komai ka zubar. Masih Alinejad 'yar jaridar Iran da ke zaune a Amurka tana raye yau saboda an kama mutumin da aka turo mata da AK-47 a 2022, kuma kotu ta sami mutum biyu da laifin shirya abin a 2025. Jamus ta ɗaure ɗan Rasha Vadim Krasikov rai da rai kan kisan da ya yi a Balin, eh an yi musayarsa da fursunoni a 2024 Putin ya tarbe shi da kansa, amma kotu ta riga ta rubuta cewa hukumomin Rasha ne suka aiko shi.

Ni inda ya fi damuna ma nan nahiyarmu ne, don can aƙalla akwai lambar da za ka kira. Nnamdi Kanu daga Kenya aka dawo da shi a 2021 ba ta hanyar kotu ba, ko kana sonsa ko baka sonsa. Kizza Besigye, ɗan adawar Uganda, ya je Nairobi a Nuwamban 2024 taron ƙaddamar da littafi, bayan 'yan kwanaki sai ganinsa aka yi gaban kotun soja a Kampala, Kenya ta fara da cewa ba ta san komai ba, daga baya ministanta na harkokin waje ya yarda sun ba Uganda haɗin kai.