Shin ya dace manhajar ches ta dogara da kundin buɗe wasa?

Malamin lissafi, Gwale:

Assalamu alaikum. Ina koya wa wasu yara wasan ches a ƙofar gida bayan la'asar, kuma mukan kara da wata manhaja a kwamfutata. Na lura cewa a taku goma sha biyu na farko tana ba da amsa tun kafin yaro ya janye hannunsa, daga nan ne take fara jinkiri. Ashe a farkon ba lissafi take yi ba, ɗauko amsa take daga kundin wasannin gwanaye da aka tara mata. Wani yaro ya tambaye ni ko wannan ba satar amsa ba ce, na rasa abin da zan ce masa. Me kuke gani?

Ɗan Fagge:

Wa alaikumus salam, Malam. Yaron nan yana da hujja. A watan Mayun 1997, a birnin New York, kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov, zakaran ches na duniya a lokacin, da maki uku da rabi, shi yana da biyu da rabi. A wasa na shida, wanda ya raba gardama, ta sadaukar da dokinta a taku na takwas, Kasparov ya sallama kafin a kai taku ashirin. Wannan sadaukarwa tana cikin kundin da mutane suka shirya mata, don haka ni a ganina gwanayen da suka rubuta kundin su ne suka ci wasan ranar.

Injiniya, Tarauni:

Ban yarda da kalmar sata ba, ɗan'uwa, domin Kasparov ma da haddar dubban buɗe wasa ya zauna a kujerar, kuma babu wanda ya ce ya ajiye ta a bakin ƙofa. Kundin yana rage wa manhaja ɓata lokaci a kan abin da aka daɗe da warwarewa, yana kuma hana ta maimaita wasa iri ɗaya kullum. Matsalar tana tasowa ne idan ana son auna ƙarfin manhajoji biyu, shi ya sa a gasar TCEC, wadda manhajojin ches ke karawa da juna, masu shiryawa ke zaɓar mafarin wasan, kowace manhaja ta buga shi sau biyu, da farare da kuma baƙaƙe.

Malama, Kabuga:

Malam, zamani ya ɗan sauya maganar. A 2017 manhajar AlphaZero, wadda dokokin wasan kawai aka ba ta, ta koyi buɗe wasa ta hanyar karawa da kanta, sannan ta buga wasa 100 da Stockfish, wata ƙaƙƙarfar manhajar ches, ta ci 28, sauran 72 canjaras. An dai yi ƙorafi cewa an hana Stockfish kundi a karawar. Game da yaranka kuwa, ka kashe kundin idan manhajar ta ba da dama, ko ku gwada tsarin da Bobby Fischer, tsohon zakaran ches na duniya, ya gabatar a 1996, inda ake jera 'ya'yan layin baya ta ɗaya daga hanyoyi 960, ta yadda yaro da kwamfuta duk sai sun yi tunani tun daga takun farko.