Aikin rukuni: ta ina za mu fara a laburare?

Ɗalibar NCE: Assalamu alaikum. Mu biyar aka ba mu gabatarwa kan koyar da karatu da harshen uwa a firamare. Yaya za mu nemo bayanai?

Ma'aikacin laburare: Wa alaikumus salam. Ku fara da katalog kafin ku nufi kanta, ku kwafi lambar littafi gaba ɗaya. Idan tsarin jera littattafai na Library of Congress ake bi, koyarwa tana ƙarƙashin LB. A tsarin Dewey kuwa ilimi 370 ne, firamare 372. Ku duba littattafan da ke gefen wanda kuka samu, maudu'insu ɗaya.

Malama: 'Yata, ku raba aikin bisa tambayoyi, kowa da tasa. In ba haka ba, duk ku biyar littafi ɗaya za ku kwaso. Kuma tun kuna karantawa ku rubuta marubuci, shekara, sunan littafi, mawallafi da shafi. Ranar haɗa jerin manazarta a tsarin APA, littafin wataƙila wani ya are shi.

Ɗalibin digiri: Don mujallu, ku gwada ERIC da AJOL, rumbunan binciken ilimi ne a intanet. Ku sa jimlar bincike cikin alamar zance, sakamakon zai ragu sosai.