Dodo biyu a juyi ɗaya: wane hukunci zan yanke ranar Asabar?

Auwal Yelwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni nake alƙalanci a 'yar gasar Yu-Gi-Oh!, wasan katuna masu hoton dodanni, da muke yi a nan Bauchi. A wasan kusa da na ƙarshe wani yaro ya sauke dodo biyu a juyi ɗaya ta hanyar da doka ta yarda a yi sau ɗaya kawai, kuma ba shi da katin da ya ƙara masa dama. Babu wanda ya lura sai bayan juyi biyu, lokacin da an riga an ja katuna, an cakuɗa ƙunshi (wato tarin katunan da ɗan wasa yake ja daga ciki), dodo na biyun kuma ya ci maki 1800 daga cikin 8000 na abokin karawarsa. Magariba ta yi, na ɗauki hoton teburin, na ɗage zuwa Asabar. Yaron ƙanin abokina ne, don haka duk abin da na yanke za a yi magana. In mayar da wasan baya, in ba shi asarar wasa ɗaya, ko a ci gaba?

Sadiq GRA: Wa alaikumus salam. A Magic, wani wasan katin daban wanda tun 1993 ake buga shi, irin wannan kuskure gargaɗi ne kawai, kuma sai a karo na uku yake komawa asarar wasa. Abokin karawar ma yana samun nasa gargaɗin domin bai kula da teburin ba. Babban alƙali ne kaɗai yake ba da izinin mayar da wasa baya.

Auwal Yelwa: Na gode Malam Sadiq, amma gasarmu ba ta Magic ba ce.

Baban Ilham: Auwal ƙanena, kada ka yi gaggawar ba yaro asarar wasa, domin ni na ɗanɗana. Na taɓa tashi daga Gombe zuwa wata gasa a Abuja, na biya kuɗin mota da na kwana da naira 5,000 na shiga. A zagaye na biyu aka duba ƙunshina aka ga na rubuta kati 39 a takarda, alhali 40 ne a hannuna, layi ɗaya na tsallake. Alƙalin bai tambaye ni komai ba ya ce na yi asarar wasan farko. Na nemi in ɗaukaka ƙara, sai aka nuna mini cewa shi ne alƙali, shi ne babban alƙali, shi ne kuma mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a tebur na kusa da ni wani da suka saba da shi ya ja kati fiye da ƙa'ida, aka ce ya mayar kawai. Tun daga ranar ban sake zuwa gasar kowa ba.

Sadiq GRA: Yaya, ka yi haƙuri, amma hukuncin takardar daidai ne, ko a Magic haka yake. Laifin alƙalin shi ne bambancin da ya nuna. Kuma ni 3,000 na san ana biya a Abuja.

Baban Ilham: Ni da na ciro kuɗin daga aljihuna kake gaya wa abin da na biya?

Nana A'isha: Malam Auwal, ƙa'idar Konami, kamfanin da yake yin Yu-Gi-Oh!, ta raba irin wannan gida uku. Akwai kuskuren da za a iya gyarawa, a mayar da wasa baya a yi gargaɗi. Akwai wanda ba ya gyaruwa, mai laifi ya yi asarar wasa ɗaya. Akwai kuma wanda ya daɗe, duka biyun suka wuce shi, sai a karɓi teburin yadda yake, a gargaɗe su, a ci gaba. Tunda an cakuɗa ƙunshi an ga sababbin katuna, na farko ya fita. Amma kafin komai ka keɓe kowannensu ka tambaye shi, domin idan yaron ya san abin da ya yi ya yi shiru, ko abokin karawar ya gani ya ɓoye har sai da ya ga zai sha kashi, maganar ta zama ta maguɗi, hukuncinta kuwa kora ce daga gasa.

Ɗan Wunti: Hajiya, ke da a Master Duel, Yu-Gi-Oh! na waya da kwamfuta, kike wasa, inda na'ura ba ta ma barin mutum ya yi kuskure, yaushe kika taɓa raba rigima a kan tebur?

Nana A'isha: Na ci jarrabawar alƙalanci ta Konami da ake yi a intanet. Kai wace ka ci?

Ɗan Wunti: Ni a Whot na yi digiri, inda mai babbar murya shi ne alƙali. Mahaifina ma har gobe cewa yake karta karta ce, ko da hoton dodo ko babu.

Baban Ilham: Jarrabawa ba ta koya wa mutum adalci. Wanda ya zalunce ni ma cewa ya yi yana da takardar shaida.

Mubarak Tudun Wada: Ni tambayata ita ce, Auwal, ka duba ko katunan yaron na gaskiya ne? A gasarmu ta Gombe rabin rigimar ba ta doka ba ce, ta katin jabu ce. Na sayi ƙunshi naira 18,000 a hannun wani mai talla a WhatsApp, da ya iso sai ga rubutun ya dushe, sunayen dodannin ma ba daidai ba. Da aka sa masa rigar kati mai duhun baya babu mai ganewa daga nesa, amma alƙali ya hana ni wasa da shi.

Sadiq GRA: An cuce ka. Ni 12,000 na kawo nawa daga Legas har da kuɗin aike.

Mubarak Tudun Wada: Wace shekara ke nan, kafin dala ta tashi? Kuma wa ya tabbatar maka naka ba jabu ba ne?

Auwal Yelwa: 'Yan'uwa, har yanzu ban ji ko asarar wasa ce ko ci gaba ba.

Mubarak Tudun Wada: Ka fara haska katunansa da fitilar waya tukuna. Mai tallan nan kuma har yau bai ɗaga wayata ba, idan akwai wanda ya taɓa saye a wurinsa ya yi mini magana ta gefe.