Neman kalma kafin 10 ga Oktoba: ciwon da ke zama a ran yaro bayan abu ya wuce

Mai Shirin Iyali:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shiri a rediyo ranar 10 ga Oktoba, ranar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, kuma gobe da yamma zan naɗi sanarwarsa. Baƙina malaman firamare ne da matan Islamiyya da ke tara yaran da suka gudo cikin garin Katsina daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana. Duk Asabar suna zama da su, a yi wasa, a yi zane, a yi tatsuniya, wanda abin nasa ya yi nauyi a raka uwarsa asibiti. Takardar da aka raba musu a wajen horo cike take da kalmar trauma. Ni kuwa ba zan kwashe awa guda ina ce wa uwa a ƙauye "turoma" ba. Me zan ce? Don Allah a taimaka da wuri.

Ɗalibin Hausa:
Wa alaikumus salam Anti. Ɗimuwa. In ba ta yi miki ba, kaɗuwa ko gigicewa.

Malamar Jinya:
Ƙanena, duka ukun na ranar da abin ya faru ne. Mutum ya ɗimauce da safe, kafin la'asar ya dawo hayyacinsa. Abin da Hajiya ke nema shi ne wanda ya rage bayan an koma gida, an yi barka da arziki, kowa ya watse. Yaro ɗan shekara tara ya koma fitsarin kwance. Ya ji ƙarar babur ya faɗa ƙarƙashin gado. Ya riƙa mafarkin abu guda yana farkawa da ihu, ko ya daina magana, ko ya zama mafaɗaci alhali da ba haka yake ba. Yawancin yara abin yakan lafa musu cikin 'yan makonni idan suna tare da babban da suka yarda da shi. In ya wuce wata guda yana hana yaro barci da karatu, a nan likitoci ke sa masa ido, kuma tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ware masa suna nasa. Ita kalmar trauma asalinta ta Girkanci ce, ma'anarta rauni, shi ya sa a asibiti ko wanda ya karye a haɗarin mota da ita ake kiran ciwonsa.

Ɗalibin Hausa:
To raunin zuciya ke nan.

Malamar Jinya:
Kana faɗin haka za a ɗauka matsoraci kake nufi, ko mai saurin kuka. Wasu kuma su tafi neman gwajin hawan jini.

Malamin Islamiyya:
Allah ya saka wa masu wannan aiki da alheri. Larabawa sadma suke cewa, kuma kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnen ɗalibai, tana cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa haƙuri yana wajen bugun farko na musiba. Mun ari haƙƙi, mun ari lafiya, mun ari hankali. A ari wannan ma.

Tsohon Hedimasta:
Allah gafarta Malam, da girmanka, ban yarda ba. Lafiya da hankali sun yi ɗaruruwan shekaru a bakin Bahaushe har sun zama nashi. Sadma kuwa in an faɗe ta a rediyo sai an tsaya an fassara ta, to me aka yi? An cire baƙo an sa baƙo. Kullum haka muke, in ba mu roƙi Bature ba mu roƙi Balarabe, kamar harshen nan bai da komai a rumbunshi.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Baba ya yi gaskiya. Ga tawa, kuma na daɗe ina riƙe da ita: FIRGITAU. Ku duba tsarin. Sanƙare ya ba mu sanƙarau. Ƙanjame ya ba mu ƙanjamau. Firgita ya ba mu firgitau. Kalma guda, gaɓa uku, babu aro, kowa ya ji ya san cuta ake nufi. "Yaron yana fama da firgitau." Anti ki gwada faɗinta da ƙarfi ki ji yadda take zama a baki.

Ɗalibin Hausa:
Kai, ta fuskar ginin kalma wannan ba ta da makusa. Na janye ɗimuwa.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Har jam'in masu ita ya fito: masu firgitau. Asibitin firgitau. Likitan firgitau. Wace kalma cikin waɗanda aka kawo za ta yi wannan aikin?

Malama 'Yar Batsari:
Ɗan'uwa, ina cikin waɗanda za su shiga shirin, ni ke zama da yaran. Ina roƙonka da Allah ka bar wannan kalma a nan, kada ta fita. Ranar da aka faɗe ta a rediyo, washegari ta zama laƙabi a filin makaranta. Dama 'yan gari suna ce musu 'yan gudun hijira, suna buga murfin tebur da gangan don su ga sun zabura su yi dariya. Ka ba su "Firgitau" kuma? Yaro zai kai shekara ashirin ana kiransa da shi. Ƙanjamau ɗin da ka kawo misali ai ita ce hujjata. Ta zama zagi, ta sa mutane suna gudun gwaji, har kafafen labarai suka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki, duk da tsawonta.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Malama, zolayar yara ba laifin kalma ba ce. Duk sunan da aka sa za su yi tsokana da shi.

Malama 'Yar Batsari:
Akwai wanda ya fi wani sauƙin jifa. Kalmomin da ke ƙarewa da "au" tamkar don laƙabi aka gina su.

Malamar Jinya:
Akwai kuma matsala ta biyu. Ba duk wannan ciwo ne daga firgita yake zuwa ba. Tsakanin 1995 da 1997 aka gudanar da wani babban bincike a Amurka kan mutum sama da 17,000, aka tambaye su abin da suka gani suna yara: duka, cin zarafi, rashin kulawa, ganin ana dukan uwa, rabuwar iyaye, zama da mashayi a gida. Aka ga duk yadda waɗannan suka taru wa mutum, haka haɗarin ciwon zuciya da shaye-shaye da damuwa ke ƙaruwa gare shi a girma. Yarinyar da ke hannun kishiyar uwa tana kwana da yunwa ba ta taɓa jin harbi ba. Almajirin da aka kawo gari yana ɗan shekara shida, bai sake ganin uwarsa ba sai bayan shekaru, babu ranar da za ka nuna ka ce nan ya firgita. Firgitau ta bar su a waje.

Tsohon Hedimasta:
Ni abin da ke ci mani rai daban ne. Me ya sa sai yarinya tana da kwana guda a hannu sannan za a zauna neman kalma? Ina jami'o'in? Ga ta Umaru Musa 'Yar'aduwa nan a bakin gari, ga ta tarayya a Dutsin-ma. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kusan mako guda. Tun lokacin ya kamata a ce masana sun zauna sun ba mu sunan abin da yaran nan suka dawo da shi. Amma mun saba jira sai Kano ta yanke mu bi. Garin da ya yi Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, garin da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, yau shi ke jiran a aiko mashi da Hausa.

Ɗalibin Hausa:
Baba, a yi mana adalci. Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, wannan ba jiya aka yi ba, kuma ba ta hana Bakatsine ƙirƙira.

Badauriya:
In dai asali za a bi, Baba, sai ku biyo mu Daura tukuna, ku da Kanawan duka. Rijiyar Kusugu tana nan ba ta tashi ba.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, asalin sarauta daban, asalin karatu daban. Ku riƙe rijiya, mu muna da Gobarau.

Badauriya:
To Baba, na bar maka. Dama ba alfahari ya kawo ni ba, akwai abin da ya sa nake bin zancen nan tun farko. A Oktoban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a nan Daura, aka fito da mutane, har da yara, da sarƙa a ƙafa. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don sun ga ɗa ya canza hali ba su san sunan abin ba, sai suka kira shi kangara, ko taɓin hankali, ko shafar aljanu. Kowane suna da inda yake kai yaro. Duk abin da za ku zaɓa, Hajiya, kada kalmar hauka ko taɓi ta kusance shi. Ko gwamnati sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin nan da dokar mahaukata ta 1958 ake aiki.

Mai Shirin Iyali:
Jama'a, Kano da Daura da Gobarau duk na gaishe su, amma dare yana yi. Malama, ke da kike tare da iyayen, su me suke cewa?

Malama 'Yar Batsari:
Ba su da suna guda. Sukan ce "tun ranar bai koma daidai ba", ko "abin ya tsaya masa a rai". Wata tsohuwa da jikanta ya ruga da gudu da ya ji an tayar da babura a bakin kasuwa, cewa ta yi "an fama masa". Ban gyara mata ba, don ta fi takardar horon faɗin abin.

Ɗalibin Hausa:
Fami! Ai wannan ita ce ɗaya kalmar da ke cikin irin waɗannan takardu, abin da ke tayar da ciwon. Kuma in akwai fami, to akwai miki. Mikin rai. Rai ɗin da ke cikin ɓacin rai da ƙuncin rai, ba zuciyar da ake aunawa ba.

Malamin Islamiyya:
Ba tabo ba? Tabon rai ya fi daɗin ji.

Malamar Jinya:
Tabo ya riga ya warke, Malam, kuma ba ya gogewa. Uwa ta ji tabo za ta ce to shi ke nan, haka zai zauna. Miki kuwa kowa ya san ana wanke shi, ana ɗaure shi, ana kiyaye shi daga fami, in ya ƙi a kai asibiti. Kuma ya koma kan asalin ma'anar can ta rauni. Ni na bi mikin rai.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Kalma biyu ce, ba suna ba ne, bayani ne. Ta yaya za a ce "likitan mikin rai"? Kuma mawaƙan soyayya za su ɗauke ta cikin wata guda, wanda budurwa ta ƙi ma ya ce yana da mikin rai. Nan gaba sai an dawo neman kalmar da ta tsaya da ƙafarta.

Malamar Jinya:
Wannan gaskiya ce, kuma ba ni da amsarta. A rubutun asibiti ba za ta wadatar ba.

Tsohon Hedimasta:
Hausa ce dai, ba aro, wannan na yaba. Amma ban gamsu ba. Miki a bakin mutanenmu yana tafiya da ƙyama, da ƙuda, da wari. Sai dai tunda daga bakin tsohuwar Batsari aka samo hanyar, ba daga Kano ba, ki naɗi abinki 'yata. Ni zan rubuta wa sashen Hausa na jami'a, su zauna su yi aikinsu.

Mai Shirin Iyali:
Na gode Baba, na gode kowa. Ga yadda zan yi. A sanarwa zan ce "mikin rai, wato ciwon da ke zama a ran yaro bayan ya ga tashin hankali ko ya daɗe cikin wahala". A cikin shiri zan yi amfani da fami. Yaya na Ƙofar Marusa, ka yi haƙuri, firgitau ba za ta shiga ba. Zan kuma gaya wa masu sauraro cewa sunan na wucin gadi ne, wanda ke da mafi kyau ya bugo waya.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Ba komai Anti. Ni dai a rubutuna zan ci gaba da tawa, amma ga manya kawai, na ji maganar Malama a kan yara.

Malamar Jinya:
Abu guda Hajiya, kada a manta da shi a iska. A faɗa wa iyaye kada su tilasta wa yaro ba da labarin abin da ya gani gaban baƙi, kuma kada a doke shi kan fitsarin kwance. Wanda kuma ya daina cin abinci, ko ya ce gara ya mutu, ba a jiran zaman Asabar, ranar za a kai shi asibiti.

Mai Shirin Iyali:
In sha Allah da shi zan buɗe kashi na biyu. Malama, ki turo mini sunayen wasannin da kuke yi da su, in sa a cikin tambayoyi.