Neman Kayan Gyaran Tsofaffin Injunan Kwale-kwale: Kowa Ya Faɗi Abin da Ya Gani

Ɗan Yawuri

Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana injin kwale-kwale ƙirar Evinrude mai ƙarfin doki 25, wanda ya daɗe yana jigilar albasa da busasshen kifi da shi a tafkin Kainji kafin ya koma Yamaha kamar sauran abokan sana'arsa. Injin ya fi shekara 15 a jingine a zaure, kuma na ƙuduri aniyar tayar da shi, ba don haya ba, sai don 'ya'yanmu su ji ƙarar da muka tashi muna ji. Fistin yana motsi, amma babu wuta a fulogi, robar famfon ruwa ta farfashe, giyar gaba kuma tana zamewa tun kafin a ajiye shi. Duk shagon da na shiga na ambaci Evinrude, sai mai shagon ya girgiza kai ya nuna mini kayan Yamaha. Lambar da ke jikin farantinsa ita ce E25RCNB. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan nema ya gaya mana yadda ya yi.

Mazaunin Wisconsin

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya gafarta wa Baba. Ka yi dabara da ka kawo lambar, domin ita ce mabuɗin neman gaba ɗaya. Tun daga 1980 kamfanin OMC, mai ƙera Evinrude a lokacin, yake ɓoye shekarar ƙira a cikin haruffan kalmar INTRODUCES, inda I take matsayin 1, N take 2, a bi su a jere har E ta zama 9, S kuma sifili. Haruffa biyun da suke gaban na ƙarshe a lambarka su ne C da N, wato 8 da 2, saboda haka injinka na 1982 ne.

Abu na biyu shi ne ka daina neman kayan Evinrude kaɗai. OMC ne yake ƙera Johnson da Evinrude, kuma a shekarun nan bambancinsu bai wuce fenti da murfi ba, har ma masu doki 20 zuwa 35 na wancan zamani suna musayar kaya da yawa a tsakaninsu. Kamfanin ya durƙushe a ƙarshen 2000, kamfanin Bombardier ya sayi sunayen biyu a 2001, aka kuma daina ƙera Evinrude a 2020, bayan fiye da shekara ɗari da Ole Evinrude ya fara sana'ar a birnin Milwaukee na wannan jiha tamu ta Wisconsin a Amurka. Duk da haka kayan da suke cinyewa, irin su robar famfo da gaskit da koyil da akwatin wuta, kamfanoni kamar Sierra suna yin sababbinsu har yanzu. Wahalar tana wajen kayan ƙarfe. Ni da kaina na yi wata bakwai ina neman tankin mai na wani Johnson na 1957, irin mai tiyo biyu wanda iska take tura man, sai a taron musayar kaya na ƙungiyar Antique Outboard Motor Club na same shi a bayan motar wani dattijo. Idan ka tantance abin da kake bukata, ƙananan kaya ba su da nauyi a jakar matafiyi.

Tsohon Makaniki, Sabuwar Bussa

Yarona, na san irin injin mahaifinka, domin na kwance su da yawa a lokacin da suke cike da bakin ruwa. Wasu daga cikin waɗanda suka iso mana a garin Bruges na Beljiyom aka haɗa su, kuma za ka gane su da harafin B a farkon lamba.

Kafin ka kashe ko sisi, ka cire wayar maɓallin kashe inji ka sake jan igiya a wuri mai duhu. Sau da yawa maɓallin ne ruwa ya ci, yana zubar da wutar a jikin inji, mutum kuma ya je ya sayi akwatin wuta mai tsada a banza. Sannan ka nemi sufanu na inci. Notunan wannan inji ba na milimita ba ne kamar na Yamaha, kuma na ga yaran gareji sun lalata kan noti da sufana mai lamba 13 a inda rabin inci ake bukata, daga nan sai a koma ga guduma da kurfi, alhali jikin alminiyon ne ba ya jure duka.

Game da giya, a sanina babu shagon da ya kai mataccen inji. Giyar da take zamewa yawanci ɗan ƙarfen da yake kama ta ne bakinsa ya cinye. Na taɓa kai irinsa wurin mai walda ya cike shi, muka goge da dutse, ya yi kyau a ido, amma bai yi mako biyu ba ya sake zamewa, ya tafi da haƙoran giyar da take lafiya lau, domin ƙarfen asali gasasshe ne, na walda kuwa taushi gare shi. Tun daga ranar nake bin mashigai ina tambayar inda aka yar da injin da ɓangarensa na sama, wato kansa, ya ƙone. Wanda fistinsa ya kama sau da yawa gindinsa, inda giya take, lafiya yake, wanda kuma ya daki dutse kansa lafiya yake. Sai dai ka hanzarta, saboda 'yan gwangwan suna saye da kilo suna kai wa masu narka tukwane, kuma na tabbata tukwanen biki da dama a ƙasar nan tsofaffin injuna ne. Gaskit kana iya yankawa daga takardarsa, bushin kuma masu injin gurzar ƙarfe za su fitar maka da shi daga tagulla. Robar famfo ce ban yarda a yi mata dabara ba.

Baban Yeji

Gaisuwa daga bakin tafkin Volta a Ghana. Mu a nan farfela ce ciwon kanmu, domin itatuwan da ruwa ya shanye bayan gina madatsar Akosombo a 1965 kututturansu suna nan a ƙasa suna jiran jirgi. Ina da wani tsohon inji ƙirar Mariner mai doki 40 da na yi kusan shekara ina nema wa kaya da sunan Mariner ban samu ba, har wani makaniki ya ɗaga murfin ya nuna mini cewa Yamaha ne aka yi wa wani fenti, kasancewar Yamaha ya yi shekaru yana ƙera wa Mariner injuna. Ya kuma koya mini cewa haruffa ukun farko na lambar kayan Yamaha, kamar 6F5 ko 66T, su ne suke nuna dangin injin. Da na koma kasuwa da lamba maimakon suna, a rana ɗaya na gama sayayya.

Kuskuren da na yi shi ne ba wani maƙeri tsohuwar farfela ya zuba mini sabuwa a ƙasa. Ta fito kamar ta kanti, amma fiffike ɗaya ya fi sauran nauyi, girgizar ta cinye robar da take tare mai, ruwa ya shiga giyabos har man ya koma kamar madara. Abin da na yi tattali a farfela na biya ninkinsa a boris.

Malama a Southampton

Ni inji ƙirar British Seagull nake da shi, wanda aka ƙera a garin Poole na Ingila, ba nisa da inda nake zaune. An daina ƙera shi a 1996, amma kayansa ba su yanke ba, domin kamfanin Sheridan Marine ya karɓi harkar, injin kuma ba shi da tarkace da yawa. Tsofaffinsa ma kashi 10 na fetur ake haɗawa da kashi 1 na baƙin mai. Gargaɗina, Malam, a kan kayan roba ne da ake tallatawa a matsayin na asali da ba a taɓa buɗewa ba. Na sayi irinsu don wani inji na daban, na tarar robar ta bushe a cikin ledarta, domin shekara 40 a ajiye a shago ma tsufa ne. A ƙarfe na asali ya fi, a roba kuwa sabon yi ya fi ko da ba na kamfanin ba ne. Tun da aka fara sayar da fetur na E10, wato mai gaurayen itanol, a nan a 2021 na sauya duk tsofaffin tiyo, saboda sinadarin itanol yana cin su.

Ɗan Yawuri

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Makaniki, na cire wayar maɓallin kamar yadda kuka ce, sai ga wuta a fulogin sama, na ƙasa kuwa shiru. Da na musanya koyil ɗin biyu sai shirun ya bi ɗaya daga cikinsu, saboda haka koyil guda nake bukata, akwatin wutar lafiya yake. Na kuma bi mashigai har uku a ranakun kasuwa, a na ukun aka kai ni gidan wani masunci da yake da Johnson mai doki 30 wanda fistinsa ya kama, yana ƙarƙashin rumbu kaji suna kwana a kansa. Mun kwance gindin a gabansa, giyar da ɗan ƙarfen duk bakinsu da kaifi, sai dai ya ƙi sayar da gindin shi kaɗai, don haka na ɗauko injin gaba ɗaya a kan babur. Koyil ɗinsa duka biyun sun tsage. Yaya na Wisconsin, zan turo maka lambar koyil da ta robar famfo. Akwai wani ɗan garinmu da zai dawo gida bayan Sallah, idan kayan za su iske shi kafin ya taso.